Ka San Abin Da Kake Zuƙa?

'Yan uwa ɗalibai, mu ne fa waɗanda ba ma shan ruwan leda sai mun duba lambar NAFDAC. Amma ga shi sigarin lantarki, wato shishar aljihu, ta cika hostel, ana zuƙa ba mai tambayar abin da aka ɗura a ciki. Ka tambayi mai sayarwa daga ina ruwan ya fito, zai ce maka, "Orijinal ne, daga waje yake." Wannan ai ba amsa ba ce.

Yawanci abu huɗu ake haɗawa: furofilin gilaikol, giliserin, nikotin da kayan ƙamshi. Sinadarin ƙamshin da ba ya cutarwa a cikin alewa yana iya cutarwa in an dafa shi an shaƙa, domin ciki daban, huhu daban. Dayasitil, mai ba da ɗanɗanon bota, shi aka danganta da mugun ciwon huhun da ya kama ma'aikatan masana'antar gugguru a Amurka, kuma an same shi a wasu ruwan sigarin.

A 2019 wata cutar huhu ta ɓarke tsakanin masu zuƙa a Amurka. Zuwa Fabrairun 2020, hukumar CDC ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar a asibiti, 68 sun mutu. Bincike ya nuna babban sanadin shi ne man bitamin E asitet da 'yan bayan fage ke surkawa a ruwan wiwi don ya yi auki. Masu saye ba su sani ba, domin babu wanda ya rubuta a kwali.

Tarayyar Turai kuwa ta tilasta wa kamfanoni bayyana kayan haɗinsu, ta kuma hana nikotin wuce miligiram 20 a kowace mililita. Ƙasar Sin, inda ake ƙera mafi yawan waɗannan na'urori a birnin Shenzhen, ta hana sayar da masu ƙamshin 'ya'yan itace a cikin gida tun 2022, amma fitarwa waje na nan. Ka ji fa! Abin da mai shi ya hana 'ya'yansa, mu ake kawo wa.

Ni a ganina, barinta gaba ɗaya ya fi, don nikotin in ya kama mutum saki sai da wahala. Wanda ya ƙi bari kuwa, ya tambaya: wane kamfani ya haɗa, nikotin nawa ne, ina jerin kayan haɗi, ina ranar lalacewa? Mai sayarwar da ya kasa amsawa bai cancanci kuɗin makarantarka ba, balle huhunka.

Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta gayyato malaman sashen kimiyyar ɗakin gwaji da ma'aikatan asibitin makaranta su yi mana bayani kafin ƙarshen wannan zango. Rigakafi ya fi magani.