Darasin Lantarki Ya Fara Daga Bakin Ƙofa

A shekarar 1985 kamfanin Xilinx na Amurka ya fito da wani guntun lantarki mai suna XC2064, wanda shi ne na farko da aka sayar cikin irin guntayen da ake kira FPGA. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne, mai amfani da shi ke tsara yadda sassan cikinsa za su haɗu, kuma yana iya sake tsarin duk lokacin da ya ga dama. To, amma komai kyan tsari, guntun ba shi da amfani sai ya iya karɓar bayanai daga waje, ya kuma aika. Nan ne mai koyo kan yi tuntuɓe, nan ne kuma ya kamata malamai su fi mai da hankali.

A ɗauki hanyar sadarwa ta RS-232, wadda aka fito da ita a 1960. Ƙarfin wutar da ke bin wayarta yana iya kaiwa bolt 15, alhali ƙafafun yawancin FPGA na yau ba su wuce bolt 3.3 ba. Duk wanda ya haɗa su kai tsaye, yana iya ƙona guntun. Dole ne a sa wani ƙaramin guntu a tsakani, kamar MAX3232, ya daidaita wutar.

Bayan wuta sai lokaci. Idan mai aikawa yana tura bit 9600 a daƙiƙa guda, kowane harafi kuma yana cin bit 10, to haruffa 960 ke wucewa. Muddin mai karɓa bai yi ƙirga da wannan saurin ba, shirme kawai zai karanta.

Wasu na ganin koyar da wannan tsohuwar hanya ɓata lokaci ne, tun da USB ta fito a 1996 ta maye gurbinta a kwamfutoci. Sai dai ƙa'idojin USB suna da yawa da sarƙaƙiya, kuma da rarrafe yaro kan tashi. Ɗalibin da ya fahimci matsalar wuta da ta lokaci a kan wayoyi 3, ba zai ruɗe ba idan ya tarar da su a babbar hanya.

Haka nan gwaji a allon kwamfuta kaɗai bai isa ba, domin a can waya ba ta kwancewa, guntu ba ya ƙonewa. Saboda haka wajibi ne makarantu su ba ɗalibi guntu da waya da ma'aunin wuta, ya auna kafin ya haɗa.