Wa Zai Yi Wa Littafin Zumarmu Wasali?

A shekarar 2006 abubuwa biyu suka faru waɗanda ya kamata kowane ɗalibin wannan yanki ya haɗa su a zuciyarsa. A Aliero an kafa jami'ar kimiyya da fasaha. A Amurka kuwa, masana ƙarƙashin jagorancin Kwalejin Baylor ta birnin Hustan suka bayyana cikakken kundin gadon ƙudan zuma, watau rubutun nan da ke cikin jikinta mai tsara kamanninta da halayenta.

Wannan kundi yana da haruffa sama da miliyan 200, amma iri huɗu ne kawai ke ta maimaituwa, an shirya su cikin ƙunshi 16. Samun haruffan somin taɓi ne, domin kamar littafin ajami ne da ba a yi masa wasali ba. Babban aikin shi ne a gano inda kowace ƙwayar gado ta fara, da inda ta ƙare, da abin da take yi. A karon farko an ƙidaya kusan 10,000. Da aka sake bita a 2014 sai adadin ya haura 15,000. Ashe aikin na masu haƙuri ne, kuma har yanzu da sauran gyara.

Mun san wani zai ce, ina ruwan manomin Maiyama da wannan? Ruwansa kuwa har da tsaki. Bincike ya nuna cewa zuma tana da ƙwayoyin gado na jin ƙamshi kimanin 170, shi ya sa take gane fure daga nesa. Amma na kashe dafi a jiki ba ta da su da yawa kamar sauro da ƙudan 'ya'yan itace. To, albasar da Aliero ke alfahari da ita ba ta yin iri sosai sai ƙwari sun yi wa furenta barbara, kuma zuma ce kan gaba. Duk wanda ya fesa maganin ƙwari da rana tsaka a kan furen albasa, yana iya kashe ma'aikatan da ba ya biyansu ko sisi. Idan iri ya yi ƙaranci, kasuwar Jega za ta ji a jikinta.

Abin da ya fi damunmu shi ne, zumar da aka fara karanta kundinta a Amurka aka kiwata ta. Tamu ta Afirka ta Yamma, wadda masana ke kira adansonii, dabam take wajen zafin harbi da saurin ƙaurace wa amya. A 2014 masana na Jami'ar Upsala ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa zumar Afirka ta fi ta Turai yalwar bambancin gado. Dukiyar a kan bishiyoyinmu take, amma sharhinta a hannun wasu. Alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Ba mu da hujjar cewa babu kuɗi. Kundin yana nan a intanet kyauta, kuma aikin wasali kwamfuta yake bukata da ƙwaƙwalwa. Saboda haka muna kira ga malamanmu su ba 'yan ajin ƙarshe wannan aiki, su kuma tura su wurin masu amya su ji abin da tsofaffi suka sani. Muna kira ga matasan malaman gona su koya wa manoma yin feshi da yamma lis, bayan zuma ta koma gida, su kuma guje shi lokacin fure. Mu ɗalibai kuwa mu daina raina kimiyyar da ba ta kai mutum ofis mai sanyi.

Hausawa sun ce zuma ga zaƙi ga harbi. Wanda ke son zaƙin, tilas ya jure wa harbin karatu. Allah ya sa mu dace.