Ba Gwajin Ne Abin Tsoro Ba, Bakunanmu Ne



A wajen wani suna da aka yi kwanan baya na ji maganar da ta hana ni barci. Wata ƙanwarmu mai 'ya'ya biyar ta ce malamar asibiti ta ba ta shawarar yin gwajin sankarar bakin mahaifa, amma da ta sanar da maigidanta sai ya ce: "Ke 'yar iska ce da za ki je a duba ki? Ciwon matan banza ne wannan." Matan da ke wurin suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin shekara uku ke nan da muka binne yayata, kuma wannan ciwon ne ajalinta. Aure ɗaya ta yi a rayuwarta.

Na san tsoron da mace ke ji kafin gwajin farko, don ni ma na ji shi. Daren da zan je, juyi kawai na yi ta yi a kan gado. Ina tunanin kunya, ina tunanin zafi, ina tunanin abin da za a ce an gani. Da na shiga ɗakin, ma'aikaciya mace ce. Na kwanta kamar yadda ake yi a awon ciki, ta sa wani ɗan abu mai kama da bakin agwagwa don ta hango bakin mahaifa, ta shafa ruwan kal da auduga, ta jira kamar minti ɗaya, ta haska fitila. Na ji sanyi da ɗan takura, amma ba zafin da zai sa mutum kuka ba. Kafin na gama ɗaura zane ta faɗa mini sakamako. Macen da ta sha naƙuda sau biyar, wannan ne zai gagare ta?

To kunya da fargaba duk masu sauƙi ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tsoron da ke kashe matanmu shi ne wanda mu muka ƙirƙira da bakinmu: me miji zai ce, me kishiya za ta ce, me za a faɗa a bakin rijiya.

Maigida, da kai nake. Ƙwayar cutar da ke haddasa wannan sankara sunanta HPV, kuma ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, wannan gaskiya ne. Amma likitoci sun tabbatar kusan duk wanda ya taɓa saduwa, namiji ko mace, yakan ɗauke ta a wani lokaci a rayuwarsa, sai dai jikin mafi yawan mutane yana kawar da ita da kansa. Namiji yana yawo da ita ba tare da alama ko ɗaya ba. Kai da ka auri bazawara, ka saki wata, ka ƙaro wata, wa ya ba ka tabbacin ba kai ne ka kawo ta ɗakin ba? Ba zargin kowa nake yi ba. Cewa nake yi aure na sunna ma bai hana ta, don haka jifan matarka da kalmar iskanci zalunci ne da jahilci a haɗe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mata kimanin 12,000 ne suka kamu da wannan sankara a Najeriya, kimanin 8,000 suka rasu. Abin takaicin shi ne ciwon ba ya zuwa da gaggawa. Daga shigar ƙwayar zuwa zamanta sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20, ko 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwar jiki kamar mai HIV. Duk tsawon wannan lokaci mace ba ta jin komai. Shi ya sa cewa "ai lafiyarta ƙalau" ba hujja ba ce. Gwajin na masu jin lafiya ne, daga shekara 30, ko 25 ga mai HIV. Idan an ga farin tabo a bakin mahaifa, ba a ce sankara ce ba, gargaɗi ne. Yawanci akan ƙona wurin ko a daskarar da shi cikin 'yan mintoci, mace ta koma gida da ƙafarta, mahaifarta na nan.

Idan kuwa aka yi sakaci, mu muka san abin da muka gani. Yayata ta yi wata da watanni tana zubar jini, ana cewa ciwon sanyi ne, ana jiƙa mata sassaƙe. Da muka kai ta asibiti, sai aka ce a wuce babban asibiti mai na'urar gashi, irin na koyarwa da ke Sakkwato ko Zariya, ko na ƙasa da ke Abuja. An sayar da shanu biyu da dawar shekara, ba ta dawo da rai ba. Wanda ya hana kuɗin mota zuwa Tungan Magajiya ko Kontagora, shi ne zai zo ya sayar da gona.

Haka muka yi da allurar rigakafi. Gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta a watan Oktoba na 2023, ta iso Jihar Neja a watan Mayu na 2024. Nan da nan saƙonnin murya suka cika WhatsApp cewa za a hana 'ya'yanmu haihuwa. Irin wannan maganar aka yi kan rigakafin shan inna a 2003. Yaran da aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci ga su nan da goyo, waɗanda aka ɓoye kuwa wasunsu suna jan ƙasa har yau.

Ban wanke ma'aikatan lafiya ba. Akwai masu tsawa, akwai masu barin ƙofa a buɗe, akwai masu kai sirrin mutane gari. Mace tana da haƙƙin ta nemi mace ta duba ta, a rufe ƙofa, a yi mata bayani kafin a taɓa ta. Wannan abin gyara ne, ba dalilin zama a gida ba. Kuma masu cewa aikin Turawa ne su tuna Dakta Amina Abubakar Bello, matar tsohon gwamnanmu, likitar mata ce, kuma gidauniyarta ta RAiSE ta daɗe tana wannan gwaji a Minna.

'Yar uwa, idan kina ganin jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, kada ki jira kowa, asibiti za ki nufa. Idan ba kya ganin komai, ki tambayi malamar awo inda ake gwajin, ki nemi ƙawa ku tafi tare.

Shugabanninmu da malamanmu, ku nemi hukumar lafiya ta Ƙaramar Hukumar Rijau ta turo ma'aikata mata su yi mana gwajin a nan gida. Maza kuma, ku ba da izini, ku ba da kuɗin mota, ku kama bakinku.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.