Kafin ki shiga gasar taku 10,000

Gasar ƙirga taku a waya ta shigo mana Birnin Kudu da Gwaram: ƙawaye su buɗe zaure a WhatsApp, da daddare kowacce ta turo hoton lambar da ta samu. Ina goyon bayan abin, domin zaman wuri ɗaya na cikin abubuwan da ke jawo mana hawan jini da ciwon suga. Amma kada ki fara gobe. Ki ba kanki mako guda na shiri.

Wannan 10,000 ɗin ba likita ne ya yanka ta ba. Wani kamfani a Japan mai suna Yamasa ne ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965, ya raɗa mata suna mai nufin "ma'aunin taku dubu goma", sai sunan talla ya bi duniya. A 2019 masu bincike na jami'ar Harvard a Amurka sun bi diddigin tsofaffin mata fiye da 16,000. Sun ga mace-mace sun yi ƙasa sosai a cikin masu taku kusan 4,400 a rana idan aka gwada da masu 2,700, kuma amfanin na ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Don haka idan kin ga 4,000 a wayarki, kada gabanki ya faɗi.

Ki kuma sani waya ba ta san wahalarki ba. Girgizar jiki kawai take ji, shi ma sai tana tare da ke. In tana wurin mai caji, ko a hannun autanki yana kallo, duk zirga-zirgar da kika yi tsakanin ɗaki da madafa ta tafi a banza. Daka, wanki a tsugune, tuƙin tuwo, jan guga a rijiya, duk aiki ne mai sa gumi, amma da wuya ta rubuta miki su. Ita kuwa wadda ta hau babur a hanya mai gargada, tana zaune waya na iya ƙara mata taku. To ina dalilin jin haushin wadda ta zo ta ɗaya?

Ga abin da za ki yi a makon shirin. Ki sauke manhaja ɗaya, ko ki duba in wayarki ta zo da tata. Ki sa wayar a aljihu ko 'yar jaka a ƙugu (ban da cikin rigar mama, don Allah, gumi ba ya yi wa waya daɗi). Masu Tecno da Infinix, ku cire manhajar daga tsarin tattalin batir, in ba haka ba ta kan daina ƙirge ba sallama. Ki kashe nuna wurin da kike. Ƙirga taku ba ya buƙatarsa, kuma babu dalilin da baƙo zai san hanyar da kike bi kullum. Sai ki yi harkokinki yadda kika saba kwana bakwai, ki ga lambarki ta gaskiya. A kanta za ki riƙa ƙara 500 duk mako. Tafiyar minti goma da ɗan sauri kan ba da kusan 1,000, kuma zagayen tsakar gida bayan asuba ya wadatar, musamman a zafin bazara.

Kafin ranar farawa a gwada miki jini, ko a FMC Birnin Kudu ko a asibitin da ya fi kusa da ke a Gwaram. Mai ciki, mai jego, da wadda aka yi wa aikin haihuwa, sai ungozoma ko likita sun amince. Mai ciwon suga kada ta yi da silifas ko ƙafa ba takalmi, kuma ta duba tafin ƙafarta kowane dare, don ƙaramin rauni kan zama gyambo ba ta ji ba. In kika ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi na sarƙewa, ki tsaya nan take ki zo mu duba ki, ko da saura taku 200 ki wuce kishiyarki.