Kafin ka haƙa ramin kifi a fadama, ka san inda ruwan ya biyo



Satin da ya wuce wani ƙanena daga Ruwan Godiya ya kira ni yana ta murna. Ya samu aron fili a bakin fadama, inda ruwa ke kwanciya har bayan damina, zai haƙa rami biyu ya zuba 'ya'yan tarwada dubu. Ya gama lissafin komai, kuɗin haƙa, kuɗin 'ya'yan kifi, buhunan abinci, har ribar da zai ci bayan wata biyar. Na ce masa, to ruwan fa, ka gwada shi? Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, tun muna yara muke kama tarwada a ruwan nan, ba ta taɓa mutuwa ba."

Wannan amsar ce ta sa ni wannan rubutu, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba. A ra'ayina, duk wanda zai yi kiwon kifi da ruwan fadama a yankinmu na Faskari, Kankara da Sabuwa, kuɗin farko da ya kamata ya fita daga aljihunsa kuɗin gwaji ne, kafin ma ya je sayen ɗan kifi ko ɗaya.

Tarwada ba shaida ba ce. Kifi ne mai taurin rai, tana iya leƙowa ta shaƙi iskar sama, tana rayuwa a cikin taɓon da karfasa ba za ta kwana ba. Shi ya sa muke son kiwonta, kuma shi ya sa take yaudararmu. Ruwa zai lalace ta ci gaba da iyo, sai dai ka ga abinci na tafiya amma kilo ba ya ƙaruwa.

Matsalar ruwa iri biyu ce. Akwai wadda ke cin jarinka, akwai wadda ke cin lafiyar wanda ya sayi kifinka.

Ta farko mai sauƙi ce, kowa zai iya sa mata ido. Akwai abin da ake kira pH, wato ma'aunin tsamin ruwa ko kanwarsa. Tarwada ta fi jin daɗi tsakanin 6.5 zuwa wajen 8.5. Takardar gwajin nan da ake tsomawa ta canza launi ba ta da tsada, masu sayar da kayan kiwo a manyan garuruwa na kawo ta. Idan ƙasar ramin mai tsami ce, ana barbaɗa laim na gona kafin a cika ruwa. Sai amoniya, wadda ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci, kuma dafinta ya fi ƙarfi lokacin zafi da lokacin da pH ya hau. Ka riƙa zuwa bakin rami bayan sallar asuba, domin a lokacin ne iskar oksijin ta fi ƙaranci a ruwa. Ka tsoma hannu zuwa gwiwa, in ba ka ganin tafin hannunka tun kafin ka kai gwiwar, ruwan ya yi kauri, ka rage abinci ka canza wani sashe. Kuma mu nan ƙasar masara ce. Ruwan sama na farko bayan an zuba taki an yi feshi, duk abin da ya wanko daga gonaki fadama yake nufa. Ka yi wa raminka jinga mai tsayi don kada kwararar gona ta faɗa ciki.

Ta biyun ce ta fi damuna, kuma ita ce ba ma magana a kai.

Mu maƙwabtan Zamfara ne da Birnin Gwari, ƙasar haƙar zinare, kuma matasanmu da yawa sun san wannan aiki. Wanda ya taɓa zuwa ya san yadda ake yi. A fasa dutse, a niƙa, a wanke a ruwa, a zuba zaiba, wato makuri, ta kama zinaren, sannan a ƙona dunƙulen zaibar ta tashi zinare ya rage. Wadda ta tashi a hayaƙi tana dawowa ƙasa, wadda ta zube wajen wanki tana bin ruwa. Zaiba ba ta ruɓewa. Tana kwanciya a cikin laka.

A nan ne fadama ta bambanta da rijiya. Baƙar lakar nan ta ƙasan fadama mai wari, wadda iska ba ta shiga, cike take da wasu ƙwayoyin bakteriya da ke juya zaiba zuwa wani nau'i mafi muni, wanda ke shiga nama ya zauna. Wurin da ruwa ke cika da damina ya ja baya da rani, mai ruɓaɓɓiyar ciyawa da yawa, ya fi taimaka wa wannan aiki, haka ma ruwa mai tsami. Ƙananan halittun ruwa su ɗauka, ƙananan kifaye su ci su, babban kifi ya ci ƙananan, a kowane mataki gubar na ƙara taruwa. Saboda haka kifi mai cin kifi kamar tarwada da giwan ruwa, musamman tsoho babba, shi ya fi tarawa. Dafuwa ba ta cire ta, suya ba ta cire ta, banda ma ba ta cire ta. Wanda ta fi illatawa shi ne ɗan da ke cikin ciki da ƙaramin yaro, domin ƙwaƙwalwa take taɓawa.

Duniya ta koyi wannan ne a garin Minamata na ƙasar Jafan. A 1956 aka fara gane cutar a hukumance, bayan wata masana'anta ta daɗe tana zubar da ruwa mai zaiba a gaɓar tekun da mutane ke kamun kifi. Kafin mutane su fara kwanciya, kyanwoyin garin ne suka fara layi suna faɗuwa. Daga sunan garin aka samo yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan zaiba, wadda Najeriya ta amince da ita a 2018.

Mu ma muna da namu misalin kusa da gida. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Yargalma da Bagega, saboda niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Wannan dalma ce, ba zaiba ba, amma sana'a ɗaya ce ke kawo su. Abin da nake so masu kiwon kaji su riƙe shi ne, kafin a gane abin da ke kashe yaran, agwagin ƙauyukan ne suka fara ƙarewa, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. A 2015 aka sake ganin irin haka a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Kazar da ke tsattsaga a ƙasar da aka taɓa niƙa dutse, da agwagwar da ke wanka a kududdufin wankin zinare, abin da suka ɗauka yana iya biyowa har cikin ƙwai da hanta.

Kada wani ya ɗauki maganata ya je yana cewa ruwan Ruwan Godiya ya gurɓace. Ban ce ba. Abin da na ce shi ne ido ba ya ganin zaiba, hanci ba ya jin ta, ruwa garai-garai ma yana iya kwanciya a kan laka mai guba. Hanya ɗaya ce ta sani, a gwada.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Kifin da ake kiwo da abincin buhu, a girbe shi cikin wata huɗu zuwa shida, ba ya tara zaiba kamar tsohon kifin tafki, domin mafi yawan gubar ta abinci take shiga. Haka ne. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yanzu da buhun abinci ya yi tsada, mutum nawa ne ke ciyarwa da shi zalla daga farko har ƙarshe? Mun san ana kamo ƙananan kifaye da kwaɗi daga kududdufi a zuba, ana barin tarwada ta yi ta tonon ƙasan rami. A nan ƙofar take buɗewa. In ka yi haka da abin da ya fito daga ruwan da ba ka san tarihinsa ba, ka mayar da kifin kiwonka kifin tafki.

Wasu kuma za su ce gwaji sai masu kuɗi, ga hanya ba daɗi saboda matsalar tsaro. Wannan ma gaskiya ne, ba na raina shi. Amma fadama ɗaya mutum nawa ke amfani da ita? Mai kifi, mai lambun tumatir da albasa, mai shayar da shanu, duk ruwa ɗaya ne. Mutum goma su haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya ɗauki samfur ya bi ta Funtua zuwa Zariya. Akwai Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken noma ta Samaru masu aikin gwajin ƙasa, akwai cibiyar NARICT a Basawa, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando. Ku fara kira ku tambaya ko suna gwada zaiba, domin tana buƙatar na'ura ta daban da ta sauran ƙarafa, ku kuma tambayi yadda suke so a kawo samfurin.

Kuma kada a kai ruwa kawai. Nan ne mutane ke kuskure. Zaibar da ke cikin ruwan kansa sau da yawa kaɗan ce ƙwarai, sakamako ya fito lafiya, alhali tana cikin laka da naman kifi. A ɗebo ruwa a tsabtatacciyar gora da aka ɗauraye da ruwan wurin sau uku. A ɗebo laka daga wurare huɗu ko biyar, har da inda ruwa ke shigowa, a haɗa. Sannan a kamo babbar tarwada guda biyu ko uku daga cikin na fadamar, a sa a ƙanƙara. Wannan tsohuwar tarwada da ƙanena ke kafa hujja da ita, ita ce ainihin wadda za a kai ɗakin gwaji. Don ku samu abin kwatance, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha maikrogiram 10 a lita, zaiba kuma 6.

Kafin ma ka kashe ko sisi, akwai gwajin da ƙafa ke yi. Ka bi ruwan zuwa sama, iyakar inda tsaro ya bari. Ka tambayi dattawa da masunta, an taɓa wanke dutse a rafin nan? Akwai injin niƙan da aka taɓa niƙa dutse da shi a kusa? Akwai gidan da ake ƙona zinare? An taɓa ganin agwagi ko kifi sun mutu lokaci ɗaya? In amsar ɗaya daga ciki eh ce, kada ka haƙa sai ka ga takardar sakamako. Ka fara da kwamin siminti ko na tamfol da ruwan burtsatse, shi ma ka gwada shi sau ɗaya.

Hukumomin jiha da na ƙananan hukumomi masu raba wa matasa 'ya'yan kifi a matsayin tallafi, ya kamata su haɗa da gwajin ruwa da ƙasa na manyan fadamun kowace mazaɓa, su liƙa sakamakon inda kowa zai gani. Ya fi a raba kifi a ɗauki hoto a tafi.

Ƙanena dai ya yarda ya dakata da haƙa. Ya samu mutum shida cikin masu lambu a fadamar da suka amince a haɗa kuɗi, ni kuma na ɗauki nauyin kai samfurin Zariya idan ruwa ya fara ja baya. Kafin nan zai fara da 'ya'yan tarwada ɗari uku a tamfol a bayan gida.