ƊAN AWO MAI ƘAFA UKU

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci a nan Bronx, wani Alhaji daga cikin fatakenmu ya tare mu da 'yar takarda a hannu. Ƙanensa mai gyaran rediyo a Kumasi ya aiko a saya masa wani abu wai shi ragileta mai lamba 7805, guda hamsin, a sa cikin duron da za a aika gida. Alhaji yana ta murna. Ya ce tun da yaron zai sami abin daidaita wuta har hamsin, to, bari ya cika duron da injin aski da na markaɗe da dutsen guga, in sun isa a liƙa wa kowane ɗaya, a sayar. Muka ce, "Alhaji, dakata tukuna. Kama da wane ba ta wane." Da yake mun san ba shi kaɗai ke da wannan zato ba, muka ga ya kamata mu fayyace maganar a wannan fili, kada dukiyar wani ta tashi a hayaƙi.

Da farko sai mu san wutar nan da ta gida ba ɗaya ba ce. A cikin wannan birni na New York, ran 4 ga Satumba, 1882, Thomas Edison ya kunna tasharsa ta titin Pearl, ya soma sayar wa mutane lantarki mai ƙarfin bolt 110. Tun daga nan Amurka ta zauna kusa da wannan awo. Yau abin da ke fitowa daga bangon ɗakinka bolt 120 ne, yana kai da komo sau 60 cikin daƙiƙa guda. Gana kuwa da Nijeriya hanyar Ingila suka bi. Wutar da ke zuwa Nima da Aboabo da Tamale bolt 230 ce, tana kai da komo sau 50. Watau kusan ninki biyu ke nan. Abin da aka ƙera domin wutar nan kaɗai, in aka soka shi a bangon Kumasi, sai dai a ji ƙauri.

To, ina ɗan ragiletan ya shigo? Shi dai ɗan baƙin abu ne, bai fi ɗan yatsa faɗi ba, da ƙafafu uku, da ɗan ƙarfe mai huda a bayansa. Ba ya ko kusantar wutar bango. Can cikin cikin rediyo ya ke zaune, bayan taransifoma ta rage wutar, an kuma miƙar da ita ta koma mai tafiya hanya guda irin ta batir. Iyakar abin da zai iya ɗauka bolt 35 ne. Wanda ya haɗa shi da 230 ya kashe shi nan take, ya kuma sa ransa cikin haɗari.

Aikinsa kamar na mai awon hatsi ne a kasuwa. Mai awo ya kan cika mudu har ya yi tozo, sa'an nan ya sa hannu ya share, ya miƙa maka daidai baki. Ko tozon ya yi tsawo ko ya yi gajere, mudunka ɗaya ne. Haka 7805 ya ke: ba shi bolt 9, ko 12, ko 14, abin da zai fitar 5 ne, ba ƙari ba ragi. Lamba biyun ƙarshe su ke faɗin awonsa, saboda haka 7809 na ba da 9, 7812 na ba da 12. Akwai kuma ɗan'uwansu LM317, wanda wani Ba'amurke Robert Dobkin ya tsara a 1976, shi ana iya saita shi daga bolt ɗaya da kwata har zuwa 37.

Amma fa akwai sharaɗi biyu. Na farko, tilas a sami tozon. In ba a ba shi abin da ya ɗara awonsa da kamar bolt biyu ba, ba shi da abin sharewa, sai wutar ta faɗi tare da shi. Mai son 5 ya ba shi 7 ko fiye. Ba ya ƙara wuta, ragewa kaɗai ya iya. Domin haka ranar da wutar gari ta yi sanyi ƙwarai, babu abin da zai tsinana.

Na biyu shi ne wanda ya fi shafar aljihu. Mai awon kasuwa in ya share tozo, hatsin cikin buhunsa ya ke komawa. Wannan kuwa abin da ya share ƙasa ya ke zuba, watau zafi ya ke zama. Ga lissafin, ba ya fi ƙarfin ɗan kasuwa ba. A ɗebe abin da ya fita daga abin da ya shiga, a ninka da yawan wutar da kayan ke ja, wadda a ke aunawa da amfiya. Misali, yaro ya ɗauko batirin mota mai bolt 12, yana so ya yi cajin waya da bolt 5, wayar tana jan amfiya 1. Bakwai ne ya ragu. Wat 5 sun shiga waya, wat 7 sun zama zafi. Wane falke ne zai sayi mudu 12 ya zubar da 7 a hanya, ya ce ya yi ciniki? Ga shi kuma ɗan abin, in yana tsirara, bai iya jure fiye da wat ɗaya ko biyu. Da ya yi zafi sai ya kashe kansa, ya huce, ya sake tashi, mai waya yana ta zagin mai gyara. A zafin bazarar Tamale abin ya fi haka saurin faruwa.

In kuwa aikin ƙarami ne, ba shi da na biyu. Batir mai bolt 9, da 'yar na'ura mai jan kashi ɗaya cikin goma na amfiya, zafin bai kai rabin wat ba. Yana da araha, ba ya da wuyar haɗawa, wutarsa kuma tsabtatacciya ce. Cajojin zamani suna yanka wuta suna haɗawa sau dubbai cikin daƙiƙa, shi ya sa ba su ɓarna da yawa, amma su kan sa rediyo ƙugi. Dattijon da ke sauraron labarai a gajeren zango ya san wannan ƙara in an soka caja kusa da shi. Ɗan awonmu ba ya wannan surutu. Domin haka har yanzu masu gyaran rediyo da lasifika ba su rabu da shi ba.

Ga 'ya'yanmu masu koyon sana'ar, ga abin kiyayewa. In ka riƙe 7805 rubutunsa na dubanka, ƙafafu na ƙasa, ta hagu ita ce mashiga, ta tsakiya ta ƙasa ce, ta dama mafita. A sa 'yar kafasita a mashiga, a sa wata a mafita, kusa da ƙafafun. Hudar bayansa ba ado ba ce: a ɗaure shi da kusa a jikin farantin alminiyam domin ya sha zafin. Kada kuma a ɗauka jerin ƙafafun LM317 ɗaya ne da na wannan, domin ya bambanta.

Ku kuma 'yan kasuwa, kafin ku biya kuɗin kowane kaya, ku juya shi ku karanta ɗan rubutun da ke baya. In kun ga 100-240V, kamar yadda ya ke a yawancin cajojin waya da kwamfuta, zai yi aiki a gida, sai dai a sake masa bakin filogi. In kun ga 120V kaɗai, sai da taransifoma mai rage 230 zuwa 110 ko 120, wadda ƙarfinta ya ɗara na kayan sosai. Dutsen guga da abin dafa ruwa na cin wat dubu ko fiye, taransifomarsu kuwa nauyi gare ta da tsada, gara a saye su can. Sitabilaiza ma wani abu ne dabam: wutar gari ta ke gyarawa in ta hau ko ta sauka, ita ce ta firiji da talabijin.

Saura magana guda, wadda taransifoma ba ta magani, watau bambancin 60 da 50. Agogon lantarkin da ke ƙirga lokaci da bugun wutar bango, in an kai shi gida, zai riƙa yin latti da minti goma cikin kowace sa'a. Wanda ya dogara da shi domin sahur ya shiga uku. Injin aski mai karkarwa shi ma ya kan yi ta ƙara, askin bai fita ba. Ku tambayi mai kanti irin wanda aka yi domin 230 da 50. Matambayi ba ya ɓata.

Game da guda hamsin ɗin nan, mun ce wa Alhaji ya aika wa ƙanensa, ba laifi, ko da yake ana samun irinsu a Zongo Lane ta Ankara, can inda a ke sayar da kayan gyaran lantarki. Dutsen guga dai ya fasa saya. Injin askin kuma ya mayar wa mai kanti, aka musanya masa da masu batir, waɗanda cajarsu ke karɓar wutar ko'ina.

Wanda ke da tambaya ya ba sakataren ƙungiya takarda, za mu amsa a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Allah ya sa albarka a fatauci, ya kai kaya lafiya. Wassalam.