Hukuncin da Aka Yanke Wa Harshen Uwa

A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya shelanta soke manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa, wadda gwamnatin Buhari ta amince da ita a 2022. Hujjarsa ita ce wai wannan manufa ce ke kayar da ɗalibai a jarrabawa. To, a wace makaranta aka aiwatar da ita har ta kai ga kayar da wani?

Alal haƙiƙa, maganar ba sabuwa ba ce. Da Hausa Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya koyar a makarantar da ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja, gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi ambaliya, azuzuwa da malamai suka kasa. Shekara guda bayan haka Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshensa ko harshen da ya mamaye yankinsa. Magana ta yi daɗi a takarda, amma ba a bi ta da isassun littattafai ko horarrun malamai ba.

Duk wanda ya leƙa azuzuwan ƙauyukan ƙasar Kontagora ya san abin da ke gudana. Malam zai karanta darasi da Ingilishi, ya warware shi da Hausa, ɗan Kambari ya juya shi a zuci zuwa harshen gidansu, sannan a yi masa jarrabawa da Ingilishi. Wannan ai gambiza ce, ba koyarwa da harshen uwa ba.

Inda aka gwada abin tsakani da Allah, kamar shirin Farfesa Babs Fafunwa na Ife wanda aka fara a 1970, an shekara shida ana koyar da yara da Yarabanci, kuma ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishin kansa.

Tun ƙarshen shekarun 1970 aka fara horar da malamai a kwalejin tarayya ta Kontagora. Ma'aikatar Ilimi ta faɗa mana malamai nawa ta nemi a horar mata don koyar da lissafi da Hausa, ta kuma nuna mana littafin lissafin aji shida na Hausa da ta raba tsakanin 2022 da 2025.